Hayaƙin Gidan Tsahare

A gidanmu na Katagum, tatsuniya ba ta farawa sai an kwashe tuwo an sauke tukunyar miya. Kakata, wadda duk gidan muke kira Dada, ba ta haɗa aiki da hira. Sai ta ga harshen wuta ya kwanta, saura jan garwashi a murhu, sannan ta jawo 'yar kujerarta ta miƙe ƙafafunta masu ciwon sanyi wajen ɗumi. Mu kuma jikoki mu kewaye ta, kowa ya tura ɗan dankalinsa cikin toka. Wurina yana hannun damanta, domin ni ne maigida. Haka take kirana saboda wasan jika da kaka, kuma kullum sai ta yi min gorin cewa ta yi asarar aure, miji ba cefane sai cin dankali.

Tana da nata salon buɗe baki. Takan dubi ƙofa ta ce, "Na ji sallama, wata baƙuwa ce a zaure." Mu haɗa baki mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma!" Daga nan sai shiru, ba ka jin komai sai tarin akuyoyi a turke.

Cikin baƙin nan nata akwai wadda ta fi yawan zuwa, ita ce Tsahare mai kaɗi.

A garin su Tsahare, in ji Dada, duk safiya mata kan fita ɗiban wuta. Wadda murhunta ya mutu cikin dare sai ta ɗauki tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, ta shiga maƙwabta a zuba mata garwashi. Mun san wannan sarai, don a unguwarmu ma haka ake yi, ba kowace mace ke ɓarnar ashana ba. Amma ɗiban wuta ba ya yiwuwa a tsaye. Sai an gaisa, an tambayi kwanan yara, an ji wa ta haihu, wa ya dawo daga ci-rani. Kafin mace ta koma gida rana ta ɗaga.

Tsahare kuwa mace ce mai zafin nama, abin yana ƙona mata rai. Tana da auduga jibge tana jiran mazari, ga mata sun tsare ta da surutu. Sai ta samo dabara. Ta shiga daji ta jawo gungumen kirya, itacen da ba ya saurin cinyewa, ta sa kansa a murhu. Idan za ta kwanta sai ta rufe shi da toka. Da asuba ta tone, ta hura sau ɗaya, wuta ta tashi. Ta daina shiga gidan kowa. Da ta ga mata sun gane murhunta ba ya mutuwa sun fara yi mata layi da tsingaro, sai ta ja ƙyaure ta sa sakata.

"Zare kuwa, jikokina," in ji Dada, tana buɗe hannuwa, "ta tara shi har rufin ɗaki. Masaƙa daga garuruwa suna aiko mata. Ba wadda ta kama ƙafarta."

A hankali ciyawa ta cinye 'yar turbar da ke zuwa ƙofarta. Sai wata rana masassara ta kayar da ita, ko ruwa ba ta iya miƙa hannu ta ɗauka a randa. Gungumen nan kuwa bai san uwargijiyarsa ta kwanta ba, yana ta cin kansa a hankali, hayaƙi yana fita ta saman danga. Matan gari idan sun wuto sai su ɗaga kai su ce, "Tsahare lafiya lau, ga hayaƙinta can." Su yi gaba.

Ƙarshen tatsuniyar ba ɗaya ba ne. Ranar da Dada ke cikin nishaɗi, wata akuya kan ɓalle ta kutsa ta ƙasan danga, mai ita ta biyo ta, a tarar da Tsahare da sauran numfashi. Ranar da ƙafa ta matsa mata, akuyar takan makara. Mu yara ba ruwanmu, dankali ya nuna. Sai ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Na raka baƙuwa ta tafi, kowa ya nemi makwanci."

Wani dare ta tambaye mu wa ya fi wayo a garin. Na yi caraf na ce Tsahare mana, ai ita ta fi kowa zare. Dada ta dube ni ta yi dariya har da tafa cinya.

"Oh ni! Wannan miji nawa, Allah Ya sa kada ka yi wayo da yawa."

Abin da ya riƙa ɗaure min kai shi ne, Dada da kanta gwana ce wajen rufe garwashi. Ita ta koya min yadda ake tara toka a kai, ba a dannewa, ana barin 'yar kafa. Amma wasu ranakun ina kallo za ta ɗebo ruwa a moɗa ta yayyafa wa murhun har ya yi tsit. Da safe kuma ta ɗauki tsingaro, tana ɗingishi, ta nufi gidan Ya Falmata, wata tsohuwa Babarbariya da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layinmu tun da 'ya'yanta suka watse. Na taɓa ce mata, "Dada, jiya fa da sauran garwashi kika kashe." Ta ce, "Maigida, ka fiye sa ido. Wutar gidan Falmata ta fi daɗin koko." Na yarda, har na riƙa jin bambancin a bakina.

Dada ta rasu ina makarantar sakandare. Bayan na gama karatu aikin gwamnati ya ƙi samuwa, sai na zauna a Azare na kama ɗaki, na fara rubuta maƙaloli ga wasu shafukan intanet. Yau a ce in yi rubutu kan ajiyar wake, gobe kan ciwon suga, jibi kan wayar da ta fi riƙe caji. Iyakar abin da ka rubuta, iyakar abin da za ka ci. Editan da nake tura wa aiki ban taɓa ganin fuskarsa ba, ko muryarsa ban sani ba, saƙo ne kawai yake shigowa.

Da farko na sha wuya. In tashi da safe in buɗe kwamfuta, farin shafi ya zuba min ido, ni ma in zuba masa. Lantarkin unguwarmu kuma sai ya ga dama. Dole in rungumi kwamfutar in tafi shagon Malam Bukar tela, mai ɗan janareta a bakin layi, in sa caji. Shagon Malam Bukar kuwa majalisa ce. 'Yan acaɓa suna hutawa a wurin, ana musun ƙwallo, ana zancen farashin gero a kasuwa, wani ya ce in duba masa sakamakon jarrabawar ɗansa. Kafin batir ya cika an kira azahar, ni ko layi ɗaya ban rubuta ba. Edita ya fara rubuto min cewa akwai masu jiran gurbina.

A lokacin ne Tsahare ta faɗo min a rai, kuma wallahi da murna na tuna ta. Na ce ai dabarar tana hannuna tun ina yaro. Na daina rufe kwamfuta a kan aikin da ya ƙare. Kafin in tashi sai na fara maƙalar gobe, in rubuta sakin layi na farko, in tsaya a tsakiyar magana ina sane da abin da zai biyo baya. Da asuba bayan salla in zauna in hura, sai rubutu ya kama. Na koyi kashe data har sai na gama, na koyi tara binciken maƙaloli da yawa a zama guda. Na matse bakin aljihu na sayi ƙaramin sola da batir, na huta da zuwa shagon tela. Daga baya na gano ana iya jera maƙaloli a saita musu lokaci, su riƙa fita da kansu kowace safiya, har su hau shafina na sada zumunta ba tare da na taɓa komai ba.

Aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Abin da a da nake yi a mako guda, na koma gama shi kafin Laraba. Edita ya daina barazana, ya koma turo min ɗan hoton babban yatsa. Na sayi katifa, na sayi labule mai kauri. Salla ma sai na koma yin ta a ɗaki idan rubutu ya yi zafi, abinci kuma in dafa taliya a risho. Wani lokaci sai magariba ta yi in lura tun safe ban yi magana da kowa ba, in yi gyaran murya don in ji ko tana nan.

Da daminar bara zazzaɓi ya kayar da ni. Ba irin wanda ake shan magani a miƙe ba. Na kwanta ina rawar sanyi, kai kamar zai tsage, jarkar ruwa tana bakin ƙofa amma tafiyar ta fi ƙarfina. Waya tana gefen katifa, kuma ban san wa zan kira ba, don rabona da kiran wani har na manta. Ina jin keke napep suna wucewa, ina jin yara suna tafiya Islamiyya suna dawowa. Kowace safiya wayar takan yi ƙara sau ɗaya, ta sanar da ni cewa sabuwar maƙalata ta fita. Mutane suna dannawa suna yabawa. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na ji tsoro a kwanakin nan, tsoro na gaske, na yi kuka kuma ba kunya zan faɗa.

Ni ba akuyar da ta shigo. Zazzaɓin ne ya gaji ya sassauta, na rarrafa na kai kaina kemis. Da na samu ƙarfi na kira yayata Asabe da ke aure a Misau, na gaya mata. Ta yi salati ta ce, "Haba Habu! Ni da kullum nake ganin rubutunka yana fitowa? Ko shekaranjiya sai da na ce wa Abban su Ummi, Habu lafiyarsa ƙalau, ga shi can yana ta aiki."

Ina riƙe da wayar, amma Dada kawai nake gani da moɗa a hannu tana yayyafa wa murhu ruwa. Shekara da shekaru ina ɗauke da rabin tatsuniyarta ina taƙama da shi, ɗaya rabin kuwa ba da baki ta ba mu shi ba, da ɗingishinta ta ba mu, duk safiyar da ta je ta ga ko Ya Falmata ta tashi. Na so a ce tana raye in gaya mata na gane, ta yi min dariyar nan tata.

Ban sayar da sola ba, ban kuma daina barin sakin layin gobe ba, don da su nake ci. Amma washegari da hantsi na naɗe wayar caji, na rungumi kwamfuta na nufi bakin layi. Malam Bukar yana kan keke yana ɗinki. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"A'a! Malam Habu? Yaushe a gari?"

"Ban je ko'ina ba, Malam. Ina nan."

"Ikon Allah. Mu nan mun ɗauka ka koma Abuja. Ka rame kuwa."

Na miƙa masa kwamfutar na ce a taimaka min da caji. Ya karɓa ya jona, ya tsaya yana duban 'yar fitilar da ke gefenta. Shekaru ya yi yana sa wa mutane caji, ya san launin wadda ta cika.

"Ai wannan a cike take," ya ce.

Na sunkuyar da kai. Ya ƙara dubana, sannan ya kwashe yadukan da ke kan benci ya tura su gefe.

"Zauna," ya ce. "Bar ta ta ƙara cika."