Ruwan da ke Gudu a Gidan da Aka Rushe

Mun baro Makka ana idar da sallar asuba, ni da abokin tafiyata, umara ta kammala, ƙafafu duk sun kumbura. Shi Madina zai zarce, ni kuwa kwana uku na ware a Jidda don in ga gwaggona, wadda kakanninmu suka zo da ita hajji tana goye, ba ta kuma sake ganin gida ba. Hanya sumul, ko rami ɗaya babu, har na fara kewar jijjigar hanyar garinmu. Direban ɗan Yaman ne, bai ce uffan ba sai "yalla" idan wani ya tare masa gaba.

A Waziriyya na sauka, unguwar masu walda da ƙananan shaguna. Na karya da burodin tamis mai zafi da wake, ya ma fi ruwan roba na filin jirgi araha. Daga nan na nufi gidan Gwaggo, kuma hancina ya riga ƙafata isa.

Ruwan masai ne ya taso ta magudana ya kwanta a tsakar gida, an jera bulo ana takawa. 'Yar Gwaggo, taubashiyata, ta tare ni da dariya: "Ahlan, baƙon Najeriya. Bi bulo a hankali, kada ka koma ka ce wanka muka yi maka."

Ita ta yi mini bayani. Akwai wani tsari da hukumar birni ta haɗa hannu da wani kamfani: mai gida ya yi rajista yana ba da ɗan abu duk wata, idan bututun ruwa ko na masai ya lalace tsakanin titi da gida, su zo su haƙa su gyara. Gwaggo tana ciki, an kuma kira su. In ba su ba, aikin ya fi ƙarfinta. Ɗanta kuwa ya riga ya yanke magana: in mako ya ƙare ba a gyara ba, zai kwashe ta zuwa wurinsa, can bene hawa na biyar. Gwaggo ta ce ita ba za ta zauna inda ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Mai gyara ne, ya ce ya iso. Taubashiyata ta leƙa, titi babu kowa. Ta buɗe muryar wayar, muka ji shi da Hausar Damagaram: "Hajiya, ga ni daidai inda lambarku ta nuna. Ba ƙofa, ba gida, fili ne fetal. Amma ruwa na gudu."

Aka duba takardar rajista, sai ga lambar mitar tsohon gidansu na Karantina, wanda aka rushe tare da unguwar. Ranar da aka zo rajista Gwaggo ce kaɗai a gida, ta buɗe akwati ta ciro tsohuwar takarda.

Taubashiyata ta dubi mahaifiyarta: "Yumma, me kika yi?"

"An ce in ba da lambar gidana," in ji Gwaggo. "Na ba da ta gidana."

Ta yafa mayafi ta ce sai an kai ta. Muka tari tasi.

Na sha ganin kango, amma ban taɓa ganin irin Karantina ba. Kwalta na nan, kwana-kwanar tituna na nan, gidajen ne kawai babu. Rana ta take, ba tsuntsu, ba kukan yaro, ko mage ban gani ba. Direba ya kashe rediyo da kansa. Gwaggo tana gaba tana ba da hanya: "In ka wuce mai burodi ka yi dama." Babu mai burodi, babu komai, amma sai ga kwanar daidai inda ta ce. Tana ta lissafo masu gidaje a hankali tana nuna iska.

Mun iske mai gyaran tsaye jikin motarsa, ya bar ƙofa a buɗe kamar mai shirin gudu. A gabansa ƙasa ta jiƙe faɗin tabarma, ciyawa ta fito kore shar, ita kaɗai a duk filin. Ya ce a taswirarsu layin nan an daɗe da yanke shi. Ya miƙo mini na'urar da suke sauraren ƙarƙashin ƙasa, na sa a kunne. Ji na yi kamar ana cika bokiti a ɗakin maƙwabci. Ƙarar ta tsaya, ta sake farawa. Na cire na ba shi kayansa.

Ya ɗauko makulli zai rufe layin, Gwaggo ta ce, "Dakata, ɗana."

Tunda take ba ta taɓa zuba ruwan zafi a magudana ba sai ta yi bismilla ta nemi a kauce, saboda mutanen ɓoye da ake cewa nan suke zama. Ranar rusau tana kwance a asibiti, aka kwashe kaya ba ta yi sallama da kowa ba. Ta durƙusa bakin ciyawar, nan ne magudanar kicin ɗinta a da, ta ce: "Salamu alaikum. Mun tashi. Abin da muka zuba muku shekara da shekaru, ku yafe."

Ya murɗa makullin. Wurin ya yi tsit, sai a lokacin na gane tun saukowarmu kunnena ke jin wannan gudun ruwa. Wallahi na ji tsoro, na kuma ji tausayinta har ƙwalla ta zo mini.

Mai gyaran ya ce takardar ba ta shafi gidan Waziriyya ba, amma ya tsaya cikin ranar nan yana waya da ofis har aka canza lamba. Da safe suka zo suka haƙa. Abin da na gani da idona tsohon bututu ne ya fashe, yashi ya cika shi. Taubashiyata ta rantse ruwan ya janye tun kafin su iso. Ni ma na ga bulo sun bushe.

Da yamma ɗanta ya kira. Gwaggo na zaune a tsakar gida kan tabarma, ta ce masa: "Halas, shi ke nan, ina nan. Ranar da za a ɗauke ni, daga gidan nan za a ɗauke ni." Taubashiyata ta juya baya tana share ido. Karon farko ke nan da Gwaggo ta kira wurin gida.

Na sauka Kano lafiya, na wuce garinmu, jijjigar da na yi kewa ta rama har da ƙari. Tafiyar ta koya mini in zauna kusa da tsoho idan zai cika takarda, kuma kada in yi masa dariya in ya kuskure, domin mai yiwuwa gidan da yake kwana daban, wanda yake ciki daban. Da na huta na tambayi mai ɗakina ko ta san ta ina bututun gidanmu ya bi. Ba ta sani ba, ni ma haka, ga shi shekara sha ɗaya muna kwana a kansa.