Ƙunshin da na yi wa Gwaggo ana jibi zaɓe

Ledar lalle na fara gani a hannunta, tun kafin in ga fuskarta. Ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gidanmu a Birnin Kudu, da littafi a cinyata, na ji babur ya tsaya a ƙofa. Sai ga Gwaggo ta yi sallama ta shigo, ledar tana reto a yatsanta. Koren gari ne, sabon daka, ƙamshinsa har ya riga ta isowa inda nake.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. A Gwaram ta yi aure, a can mijinta ya rasu, a can kuma ta ci gaba da zama. Tun da ɗanta ya rasu ban ƙara ganin ja a hannunta ba, ko da salla. Ga shi ranar Alhamis ce, ana jibi zaɓen shugaban ƙasa, kuma rediyo ya yi makonni yana jan kunnen mata kada su yi ƙunshi, wai na'urar tantance masu zaɓe ba ta karanta yatsan da ya sha lalle.

A shekarun nan kaina cike yake da littattafan soyayya. Ina yi wa amare ƙunshi, abin da na samu rabinsa a hayar littafi yake tafiya. Duk abin da na gani sai na ɗora masa labari. Kafin Gwaggo ta gama gaisawa da mahaifiyata har na gama tsara nata: wani dattijo mai farin gemu, mai sayar da hatsi a kasuwar Gwaram, wanda ya so ta tun tana budurwa bai samu ba, yanzu ya dawo da sauran ƙarfinsa. Har na ga yadda zai tsaya a zaure yana gyara hula.

Da muka keɓe na ce, "Gwaggo, wane ne?"

"Wane ne wa?"

"Wanda ya sa aka ɗauko lalle tun daga Gwaram."

Ta dube ni, ta dubi littafin, ta yi dariya har tana dafa gwiwa. Uwata take ce mini, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Ta ce, "Uwata, takardun nan sun gama da ke. Wa zai zo wurina? Sai dai mai neman a ba shi aron turmi. Tashi ki kwaɓa, ki matsa lemon tsami da yawa, ina so ya kama."

Na ɗauko salatif zan yanka mata fulawoyi, ta ture hannuna. Ba ado take so ba. Manyan yatsunta biyu take so a dame da lalle, ciki da baya, a ɗaure da leda, in ya bushe a wanke a sake. Sauran yatsun ma a shafa, don kada a ce a gwada wani yatsan.

A nan na gane ba wasa take yi ba, domin na san wace ce Gwaggo a unguwarsu. Ba ta da muƙami a jam'iyya, ba ta taɓa hawa mumbari ba. Amma duk lokacin zaɓe matan unguwa wurinta suke zuwa. Yawancinsu ba sa karatun boko, hotuna da alamomin da ke kan takardar ƙuri'a sun yi musu yawa. Sai su taru a tsakar gidanta ana gobe zaɓe, ta share ƙasa da tafin hannu, ta zana musu alamar da tsinke, su yi ta kallo har ta zauna musu. Ita ta koya musu cewa ƙuri'a amana ce, wadda ta zauna a gida ba ta da bakin kuka. Ita take bi gida gida tana roƙon mazaje su bar matansu su fita. Ba a taɓa jin ta karɓi ko sabulu ba, shi ya sa suke bin ta ido rufe.

A wani zaɓe da ya wuce ta yi musu zane da dukan zuciyarta. Ta ce musu in wannan ya hau, taki zai sauko, ɗan kowa zai zauna a gonar ubansa, an daina tafiya kudu ci-rani. Suka yini a rana, har da masu goyo. Wanda suka zaɓa ya hau. Daminar da ta biyo taki bai sauko ba, ta gaba ma ya ƙara hawa. Ɗanta, shi kaɗai Allah ya bar mata, ya noma gero da riɗi bai fitar da na cefane ba, ya bi abokai kudu. Motar da ta ɗauko su dawowa ta yi haɗari a hanya, ba ta iso ba. A can aka binne shi.

Ina naɗa mata ledar take magana, idonta a kan kajin da ke tsattsaga a bakin rariya.

"Ban ce wani ne ya kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma ni na ce musu ba wanda zai ƙara tafiya. Da bakina na faɗa."

Na ce, "To ai wannan karon wasu ne suka fito."

"Na saurare su duka, Uwata. Batirin rediyona ya ƙare a kansu. Wannan ya taɓa riƙe wani abu, mun ga irin riƙonsa. Wancan jiya suna cin tuwo a kwano ɗaya da wanda yake zagi yau. Akwai wanda ban san shi ba, shi ma bai san da mu ba. Na ɗora su a zuciyata ɗaya bayan ɗaya, na ce wa zan iya zana wa matan nan in kwana lafiya? Ban samu ba."

"Ki ce musu kowa ta zaɓi wanda take so mana."

"Su ce mini wa nake so ni. In na ce ba kowa, su zauna a gida, ni na rushe abin da na gina. In na kama suna, na sake yi musu alkawarin da ba nawa ba." Ta ɗaga hannayenta biyu da ke cikin leda. "Amma in na je layi na'ura ta ƙi ni, ba wanda zai ce na gudu. Zan ce tsautsayi ne, a bikin 'yar ɗan'uwana aka matsa mini na yi ƙunshi."

Shi ya sa ta yi doguwar tafiya har gidanmu. Da a Gwaram ta yi, kafin la'asar rabin unguwa sun kwaɓa nasu, don duk abin da ta yi shi suke yi.

Na so in ce mata dabarar tana da rami, domin zanen ana gobe ake yi, na'ura kuwa sai ranar zaɓe. Ta riga ni. Ta ce ba za ta koma ba sai yammacin Juma'a, a makare, yadda ba za a samu zaman tsakar gida ba. Ta ce in raka ta. Ni ko katin zaɓen ban karɓo ba a shekarar, don haka ba abin da zan rasa.

Muka shiga ƙaramar bas ranar Juma'a. Ta zauna a jikin taga, hannayenta a cikin hijabi. Duk bangon da muka wuce fuskokin 'yan takara ne a manne, wasu a kan wasu, kowa yana murmushi. Wani fasinja ya ce da direba shi kam ya rasa na zaɓa, direba ya ce ya zaɓi wanda hotonsa ya fi kyau, aka yi dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Da muka isa, maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ce mata sun zo sun fi a ƙirga ba su same ta ba. Gwaggo ta ce gajiya ta kama ta, a haɗu a rumfar zaɓe da safe.

Rumfar a filin wata makarantar firamare take. Layin maza daban, na mata daban. Muna isowa matan suka buɗa mata hanya zuwa gaba kamar yadda suka saba, suka kewaye ta.

"Inna, jiya mun yi ta jira."

"Inna, wanne ne? Nuna mana ko a tafin hannu."

Wata tsohuwa mai raha ta ce, "Ko dai kin samu miji a Birnin Kudu ne kika manta da mu?"

Gwaggo ta ce su bari ta shiga ta fito tukuna. Ta miƙa katinta, ta fito da hannu daga hijabi. Lallen ya kama har ya yi baƙi-baƙi. Na ji ƙananan maganganu sun tashi a layin. Malamar zaɓen ta ɗora yatsan a na'ura, ta goge, ta sake ɗorawa. Ta gwada ɗaya hannun. Na'ura ta ƙi. Na ga kafaɗun Gwaggo sun sauka, har ta fara juyowa da maganar da ta tanada.

Sai malamar ta ce, "Ba komai, Inna. Ɗan ja hijabin baya, ki dubi nan."

Ta ɗaga na'urar saitin fuskarta. Ashe ta wannan shekarar tana gane mutum da fuska in yatsa ya ƙi. Mu ba mu sani ba, zancen yatsa kawai muka ji a rediyo. Kafin Gwaggo ta ce wani abu an shafa mata tawada, an miƙa mata takarda.

Ta daɗe a bayan ɗan shingen da ake dangwalawa. Daga inda nake ƙafafunta kawai nake hange, cikin silifas ɗinta na roba, ba sa motsi. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wuri ne wani yake zuwa ya fitar da mutum. Na tsaya ina duban ƙofar makarantar kamar wata sakarya. Ba wanda ya zo. Ta fito, ta ninke takardar, ta jefa a akwati.

Matan suka taso mata. Da ta so, da ta kama kowane suna an wuce wurin. Ta tsaya ta dube su, ta ce, "Ban dangwala wa kowa ba. Yadda aka ba ni haka na jefa ta. Na duba ban ga wanda zan ce ku bi ba. Ku shiga, kowa ta yi abin da zuciyarta ta ba ta."

Can wata mai goyo ta ce, a hankali, "Inna, in an hana ki faɗa ne, ki ce an hana ki."

"Ba wanda ya hana ni."

"To lallen fa?"

Gwaggo ta mayar da hannayenta cikin hijabi. Maganar bikin da ta shirya ba ta da amfani yanzu, gaskiyar kuma ta yi tsawo a faɗe ta a layi. Wasu suka shiga suka dangwala abin da mazansu suka ce. Wasu suka saɓa 'ya'yansu suka koma gida. Tsohuwar nan mai raha ta shiga ta fito tana cewa ita dai ta ga wani zane mai kama da abin da ta sani ta danna, Allah ya sa ba ɓarna ta yi ba.

Kafin sati ya zagayo labari ya gama unguwa, kuma ba irin nawa ba ne mai dattijo da farin gemu. Aka ce an kira ta Birnin Kudu an saye ta. Masu wannan jam'iyya suka ce waccan ce ta ba ta atamfofi don ta watsa musu mata, masu waccan suka ce wannan ce. Lallen ya zama shaida, wai na murnar abin da ta samu ne. Ba wanda ya zo ya zage ta. Kawai aka daina zuwa. Matar da a da ba a raɗa suna ko a kai lefe sai an ji ta bakinta, sai ta ji guɗa a maƙwabta ta tambayi yara me ake yi.

Na je mata sau da yawa a watannin nan. Na ce ta bari in bi gidajen in faɗa musu ni na yi ƙunshin, na kuma san dalili. Ta ce, "Ki ce musu me? Na yi dabara don in guje musu? Wannan ɗin ma ai ba daɗin ji gare shi ba." Sai ta kawar da zancen, ta tambaye ni ko yarinyar cikin littafina ta samu wanda take so.

Da damina ta biyu mahaifina ya je ya ɗauko ta, ya kai ta tsohon gidanmu na Surko inda ƙaninsu yake noma. Ta yi kiwon awaki, ta yi renon jikokin gidan. In matan gidan suka tambaye ta shawara, ko a kan gishirin miya ne, sai ta ce su suka sani. A can ta rasu bayan gajeriyar jinya, ana cikin girbin gero.

Ranar sadakar uku bas guda ta zo daga Gwaram cike da matan unguwarsu. Sun yi kuka na gaske, sun yi mata addu'a, sun tuna yadda take tsaya musu a asibiti da wurin haihuwa. Ina zuba musu ruwa a bayan ɗaki na ji biyu suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ta ce Allah ya jiƙan Inna, mutuniyar kirki ce, sai dai har ta koma ga Allah ba ta faɗi wanda ta dangwala wa ba. Ɗayar ta ce ita tana da wanda take zargi, amma ba a wurin makoki ba.