Mai Riƙon Kibod

Mijina ba shi da haƙuri, kuma bai taɓa cewa yana da shi ba. Shayi da zafinsa yake kurɓa, ya ƙone harshe, ya ce laifin kofi ne. A layin masu gyara, inda ya yi shekara talatin yana gyaran rediyo da talabijin, Yanzu-Yanzu suke kiransa, yana amsawa da fara'a.

Da ya bar shago sai ya koma wa kwamfutar tebur, a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofarmu. Abin da ya fi shiga ransa shi ne ƙara wa farosesa gudu. Farosesa wani ɗan ƙarfe ne mai faɗi, bai kai tafin hannu ba, shi ke yi wa kwamfuta duk lissafinta. Kamfani kan saita masa iyakar gudu, amma ana iya ɗaga ta kaɗan, sai dai zafi ya ƙaru. Na farko da Malam, mijin nawa, ya gwada, gudu da ƙarfin wuta ya ɗaga gaba ɗaya. Ina wanke-wanke na ji ƙauri. Mataccen farosesan yana nan a jikin makullansa, da kansa ya huda shi, duk wanda ya tambaya sai ya ce takardar shaidarsa ce.

Ƙa'idar aikin ya san ta sarai, har ni na haddace saboda yawan ji. A kakkaɓe ƙurar fanka, a shafa wa farosesa sabon man sanyaya. A ƙara gudu mataki ɗaya tak, kar a taɓa ƙarfin wuta sai ya zama dole. Sannan a ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi na awa guda ana kallon zafi. In ya haura digiri tamanin da biyar, ko ta daskare, a koma baya. Awa gudan nan ce ta gagari Malam. Shi ya sa ya ɗauke ni aiki. Ba a shiga shafin saiti sai da kibod, wato allon maɓallan rubutu, to da ya ƙara mataki sai ya cire kibod ɗin ya kawo mini, in ɗora a kan kabad ɗina, in dubi agogon bango. Akwai ranar da ya ɓoye wani na biyu a ƙarƙashin tebur. Washegari da kansa ya kawo mini shi, yana sunkuyar da kai.

Bara Autarmu ta zo da tata kwamfutar ranar Talata da safe. Zanen gine-gine take yi, sabon ofis ne ya ɗauke ta, ba su ma gama gwada ta ba. Sun ba ta zuwa Alhamis ta miƙa zanen wani bene, in ta gaza a ba wani. Kwamfutar na jan ƙafa wajen fitar da hotunan, kuma ita kaɗai gare ta. In ta ƙone, aikin ya tafi.

Na sa ta kwafe zanenta a wani wuri kafin ubanta ya taɓa komai. Mataki na ɗaya ya wuce lafiya, haka na biyu da na uku. A na huɗu, minti ashirin kacal, sai ga shi a ƙofar ɗakina.

"Hajiya, miƙo. Saba'in da takwas take, ko gumi ba ta yi."

Na ce saura minti arba'in. Ya ce ni da ban taɓa kunna kwamfuta ba, me na sani. Na ce gaskiya ne, amma agogo na iya. Auta ma ta shigo tana marairaicewa, wai Mama lokaci na tafiya, a yi wa Baba sassauci. Na ce ta je ta yanka mini albasa in zaman ne ya ishe ta. Suka fita suna gunaguni, uba da 'ya, tafiyarsu ma iri ɗaya.

Saura minti takwas awa ta cika, fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya, komai ya tsaya. Malam ya zo ya karɓi kibod ɗin. Daga baya ya faɗa, ba wanda ya tambaye shi, cewa niyyarsa ya haye mataki na biyar har ya ƙara wuta. Ya koma na uku, ya bar ta tana aiki har la'asar, ya rubuta saitin a takarda ya manna a cikin akwatin kwamfutar. Ƙarin gudun ba wani mai yawa ba ne, amma ya isa. Laraba da yamma Auta ta miƙa zanenta. Har yau tana ofishin.

Bai yi mini godiya ba, ni ma ban jira ba. Shekara arba'in da biyu muna tare, na san iyakar gudunsa.

Watan jiya zan tafi wajen ƙanwata na mako guda. Ina haɗa jaka na gan shi ya tattara kibod har uku ya nufi gidan maƙwabciyarmu mai ɗinki. Ta taga na ji yana ce mata, "Don Allah ki riƙe mini waɗannan, ki kuma gaya wa maigidanki. In na zo kafin awa ta cika, ko me na ce, kar a ba ni. In na fara rantsuwa, ku ƙara minti goma."