Mama Ladi ta ƙi dangwala min hannu

Takarda a hammata, biro a kunne, haka na yi ta bin layinmu na Kuje gida-gida. Wata ƙungiya ce ta kama haya kusa da shagona, za ta riƙa ajiye yaran da suka fito daga gidan horo kafin su koma wurin iyayensu. 'Yan unguwa muka ce sam, aka ɗora min tattara sa hannu.

Na iske Mama Ladi, tsohuwa 'yar asalin garin, tana jera doya.

"Mama, dangwala min nan. Ɓarayi za a kawo mana."

"To ina za a kai su?"

"Ko'ina, ban da nan."

Ta goge hannu a zani, ta dube ni. "Sani, ɗana, shekarar da gwamnati ta taso daga Legas babanka ya sauka nan da buhu ɗaya. Ba mu san shi ba, ba mu san me ya baro a Zariya ba. Wata uku yana kwana a rumfar doyata. Wa ya zagaya da takarda?"

Na ninke takardar na koma shago.

An buɗe gidan. Har gobe kwaɗo biyu nake sa wa ƙofata, amma bencin da nake zaune a kai yanzu, yaran ne suka ƙera shi.

Ku baƙin Abuja, wa ya fara ba ku wurin kwana?