Ladan da Silifan Masunta

Shekara goma sha huɗu Ladan ya yi yana bin jujin kasuwar Yelwa da buhu a kafaɗa. Abin da idonka zai kira shara, shi a wurinsa kaya ne masu jiran mai su. Kwalba ta masu man gyaɗa ce, gwangwanin madara na masu ƙera fitilar aci-balbal. Tsinkakken silifa kuwa masunta yake kai wa, su yayyanka su ɗaura a bakin komar kamun kifi don kada ta nutse. Mutum ne marar hayaniya, amma in kana son ganin ɓacin ransa, taka kwalba a gabansa.

A zamanin da ake zuwa Sakkwato karɓo takardar aiki, aka tsananta tsabtar gari, ofishin tsabta ya ɗauki 'yan bola shida aiki, har da Ladan. Aka ba shi kaki da baro. Ya ji daɗin kakin nan ƙwarai, don tun da ya saka shi mahautan da ke ce masa Mai-juji suka koma cewa Malam Ladan. Sai dai dokar aikin ɗaya ce: a tura shara rami, a ƙone ta duka.

Wannan fa ya gagare shi. Sahabi, matashin duba-garin da ke kula da su, ya ishe shi cikin ramin yana zaro silifa.

"Baba, na hana ka sau biyu. In na sake ishe ka, ka aje kakin ga."

Ladan ya fito, ya karkaɗe gwiwa. Hankalinsa ya tashi, amma bai roƙa ba.

"Yallaɓai, mu tai bakin ruwa ka ga wani abu, sannan ka amshi rigarka."

Suka gangara. Hantsi ne, kowane masunci ya baza komarsa tana shan iska. A bakin kowace ga gutsattsarin roba jere, ja da shuɗi da kore.

"Wagga robar ta komar Isa masunci, daga jujin 'yan tumatur na tsinto ta," in ji Ladan. "Waccan ta bakin tasha. In munka ƙone su, da mi za su ɗaura?"

Sahabi ya tsuguna ya taɓa ɗaya. Har shatin diddigen mai silifan yana nan. Ya miƙe, ya hau kekensa.

Washegari Ladan ya zo da kakin a ninke a hammata, Kande matarsa ta wanke ta goge, don kada a ce ya mayar da kayan hukuma da datti. Sahabi ya dubi rigar, ya dube shi, sannan ya laluba aljihu ya miƙa masa kwalin ashana.

"Saka rigarka, Baba. Daga yau kai ka kunna wuta. Sai ka gama tsintarka, sannan ka kunna."