Ƙwanƙwasa tulun da ya tashi daga Rano zuwa Kibiya

Jiya da la'asar ina zaune a zauren gidanmu a Rano, na ƙura wa kwamfuta ido. Tsawa ta taɓa babbar wayar lantarkin da muke kula da ita shekaranjiya, na'urarmu ta naɗi abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Layukan da na'urar ta zana suna hawa suna sauka kamar kunyoyin gona. Har na fara ganin wayar a raina, tana ratsa saman dawa, tsuntsaye jere a kanta.

Inna, mahaifiyata, ta leƙo.

"Wane zane ne ya ɗauke maka hankali haka?"

Na ce, "Inna, wayar ta tsufa, ma'aunanta da aka rubuta a takardu sun daina zama daidai. Bara kwana biyu muna neman inda ta lalace, ashe lissafin ya kai mu wani wuri daban. Amma idan tsawa ta buge ta, daga yadda wutar ta girgiza nake gane ainihin halinta."

Ta ce, "Ashe ƙwanƙwasa tulu kake yi. Haka nake yi in zan sayi tulu a kasuwar Kibiya, in buga in saurara, mai tsaga ba ya ɓoye muryarsa. Kai dai naka ya yi tsawo, sai ka jira sama ta ƙwanƙwasa maka."

Tun jiya nake kallon hadari kamar abokin aiki.

Ku fa, wa ya taɓa fassara muku aikinku fiye da yadda kuka iya?