Awon da Na Hana Rabi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai ƙanwata, Dakta Rabi, makwancinta a Daura. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, kunya ta hana ni. Bana kam babu wurin ɓuya, domin a gadon asibiti nake wannan rubutu, ƙafata ta hagu a naɗe, ciwon sukari ya riga ya ci yatsu biyu.

Rabi likita ce, amma ba irin wadda muke so ba. Mu mai allura muke so, ya soka mana mu tashi. Ita kuwa bincike ta sa a gaba kan ƙiba da cututtukan da take jawowa, kuma babban makaminta tef ne irin na ɗinki. Shi take ratayawa a wuya ta bi gidaje, daga cikin gari har Baure da Mai'adua, tana auna ƙugun mata, tana tambayarsu abin da suka ci. A unguwa sunanta ya koma Dakta Tela. Ni na raɗa mata shi, Allah ya yafe mini.

Cewa take yi tumbi ba arziki ba ne, cuta ce a kwance. To, wa za ta faɗa wa haka a garinmu? Nan in mutum ya rame, a ce talauci ya kama shi ko matarsa ba ta iya girki ba. In ya ajiye tumbi, a ce Alhaji ya samu hutu. Amarya in ba ta murje cikin wata uku ba, angon ne abin zagi, har ƙwayar ƙiba ake sayo mata a kemis. Da Shari'a ta zo aka rufe gidajen giya, kowa ya yi murna, har da Rabi. Amma ta ce saura kwalbar da ba a haramta ba, wadda muke tarar baƙi da ita. Ta roƙi malamai su riƙa tuna wa jama'a ladubban cin abinci. Suka sa mata albarka, suka buɗe mata lemo.

Wata ranar Sallah ta iske ni a zaure da abokaina 'yan kasuwa, mun sa soyayyen nama a gaba.

"Yaya, bari in auna ka, minti ɗaya ne," in ji ta.

Na ce, "Ke Rabi, ni fa na raba goron sunanki. Wannan tumbin da gumina na tara shi."

Aka bushe da dariya. Ta naɗe tef ɗin ta ajiye a kan taga, ta ce, "Ga shi nan, Yaya, in baƙi sun tafi." Ba ta sake yi mini maganar ba har hatsarin mota ya ɗauke ta.

Bayan rasuwarta wasiƙun ta'aziyya suka riƙa zuwa daga jami'o'in da ko sunansu ban iya faɗa ba. Mu kuwa da muka gaji da kwalayen takardunta, sai muka ba mai ƙosan bakin layi ta riƙa ƙunsa ƙosai. Muna yawan cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. A gidanmu ƙaramar ce ta hango.

Da za ta dawo yau, ban ce za ta yi mamaki ba. Ƙwayar ƙiba yanzu a waya ake tallarta. Cikin waɗanda suka yi dariya a zauren nan, ɗaya ɓarin jikinsa ya shanye, ɗaya ya makance, ga ni na uku. Haushi nake ji, kuma ba na kowa ba ne sai nawa.

Jiya wani matashin likita, sa'ar ɗana, ya zaro tef daga aljihu ya ce, "Baba, ɗaga rigarka." Na ɗaga ba musu. Yana awo yana gaya mini cewa a makaranta rubuce-rubucen wata likita 'yar Daura suka karanta kan wannan. Na ce ƙanwata ce. Ya dube ni da girmamawa, ya ce, "Ashe kai ka fi mu sa'a, Baba."

Ranar Alhamis likitoci za su yanke shawara a kan ƙafar. Ilimin Rabi yana nan da ransa a aljihun yaran da ba su taɓa ganin ta ba, yana ceton mutanen da ba su san sunanta ba. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Allah ya jiƙanki, Rabi. Minti ɗaya kika roƙa, na hana ki.